Koyon saƙar tsinke biyu: tambayoyin da sabbin hannu suka fi yi mini

Duk shekara da iskar hunturu ta fara kaɗawa nan Tawa sai tambayoyi su taso, wasu su zo gida bayan la'asar da zarensu a leda, wasu su kira daga Yamai ko Ƙonni, kuma wallahi kusan tambayoyin iri ɗaya ne kullum. Shi ya sa na tara su wuri guda. Da "ki" zan yi magana don mata sun fi yawa, maza ku yi haƙuri, taku tana can ƙasa.

Wai mi ne bambancin tiriko da kwarashi, ba duk saƙa ba ce?

Duk saƙa ce a bakinmu, amma aikin ba ɗaya ba ne. Kwarashi tsinke guda ne mai ƙugiya a baki, kuma ido ɗaya ne kawai yake kansa a lokaci guda. Tiriko kuwa tsinke biyu ne masu tsini, idanun duka suna jere bisa tsinken hagu, kina kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa na dama, in layi ya ƙare ki juya ki sake. Idon nan shi ne wanda ƴan fwaye, wato gidan koya wa mata sana'a, ke ce ma "may", ni ido nike cewa kuma haka zan ci gaba da cewa.

Abin da tsinke biyu ya saƙa ya fi laushi kuma yana miƙewa ya koma, shi ya sa ya fi dacewa da hula da safa da rigar sanyi. Kwarashi ya fi sauri amma ya fi cin zare kuma saƙarsa ta fi kauri. Ko da tiriko za ki koya ki sayi kwarashi guda ki aje, za ki ga amfaninsa a tambayar idon da ya suɓuce.

Mi da mi zan saya ranar farko?

Tsinke biyu masu lamba 5, dunƙulen zare guda mai matsakaicin kauri kuma mai haske, almakashi, santimetan tela, da allura mai babban kunne marar tsini ta ɗinke saƙa. Shi ke nan. Kar ki saye baƙi ko shuɗi mai duhu, kar ki saye mai gashi-gashin nan ko mai ƙyalli komi kyansa, don ba za ki ga idanun ba, kuma wadda ba ta ganin ido ba za ta gane inda ta ɓata ba. Ruwan ƙwai, ruwan toka mai haske ko ruwan hoda sun fi. Fari yana nuna ido sosai amma ƙurar Tawa ba ta barinsa ya kai sati.

Lambobin da ke jikin tsinke mi suke nufi?

Kaurin tsinken ne a milimeta. Lamba 3 siriri ne na zaren jarirai mai laushi, 4 shi ne na tsakiya da aka fi aiki da shi, 5 da 6 na zare mai kauri, 8 zuwa sama kuma na bargo ko mayafin wuya mai nauyi. In dunƙulen yana da takarda a jiki ki duba, akwai hoton tsinke biyu a gicciye da lambar da ta dace da shi.

Inda ake ruɗewa shi ne ba kowace ƙasa ke ƙirga da milimeta ba. Lamba 8 ta Amurka milimeta 5 ce, lamba 8 ta tsohon ƙirgan Ingila kuma milimeta 4 ce, kuma na Ingilan nan baya-baya yake tafiya, lamba na hawa tsinke na sirancewa. To in kin ga 8 a tsinken da kika gada wajen gwaggo ko kika tsinta a kaya, ki nemi inda aka rubuta mm, shi ne gaskiya. Na ƙarfe yana da santsi, ido na zamewa da sauri, na icce ko gora ya fi riƙe zare, ga mai koyo shi na fi so. In ma ba ki samu ba, na ga yarinyar da ta koya da tsinken tsire mai kauri da ta goge da sampepa har ya yi sumul, kuma hannunta ya fito tsaf.

Wane zare ya fi, kuma ya zan gane ulun gaskiya?

Yawancin abin da ake ce ma ulu ko "lan" a kasuwanninmu akirilik ne, wato zaren roba, ba gashin tunkiya ba. Kar wannan ya dame ki, ga mai koyo shi ne daidai, yana da araha, yana jure wanki, yana jure warwara sau da yawa, kuma asu bai cinsa. Ulun gaskiya ya fi ɗumi amma yana da tsada, yana son lallashi a wanki, wani ma yana ƙaiƙayi a jikin jariri. Auduga tana da sanyi a jiki, ta dace da ƙasarmu da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, sai dai ba ta miƙewa, tana gajiyar da yatsun sabon hannu. Ki bar ta sai kin ɗan saba.

In kina son ki tabbatar, yanki ɗan guntu ki kai shi bakin ashana, a waje, nesa da yara. Ulu yana warin gashin da ya ƙone kuma abin da ya rage in kin murza sai ya zama gari. Akirilik narkewa yake ya dunƙule ya yi baƙi da tauri. Auduga tana ci da wuta kamar takarda ta bar toka mai laushi. Wata ta taɓa tambayata mi ya hana mu kaɗa ulun tumakinmu tun da ga su nan cike da kasuwa, to balami da uda da ara-ara gashi gare su ba ulu ba, ba ya kaɗuwa. Mai ulu a Nijar ita ce tunkiyar kundum ta bakin kogi wajen Tilaberi, ita ma ba ta da yawa.

Ina ake samun zare, kuma da gaske ana iya warware rigar bosho?

Wajen masu saida kayan tela, masu zare da maɓalli da zif, nan ake fara tambaya. A Tawa ranar Lahadi da kasuwa ke ci an fi samun zaɓi, a Yamai kuma ki zaga babbar kasuwa ko Wadata. Shawarata guda, ki saye duk abin da aikin zai ci a lokaci ɗaya. Zare ana rina shi tukunya-tukunya, akwai lambar rini a takardar, kala ɗaya amma tukunya daban sai ki ga layi ya fito a tsakiyar riga in an fita rana, cikin shago ba za ki taɓa lura ba. Dunƙule yawanci giram 50 ne ko 100. Hular jariri ba ta cinye 50, rigar sabon haihuwa kamar 100 zuwa 150, mayafin wuya na babba wajen 200.

Rigar bosho, wato ta gwanjo, kam ana warwarewa, kuma nan ne ake dacewa da ulu mai kyau a kuɗi kaɗan. Amma juya ta ciki ki duba ɗinkin gefe kafin ki biya. In gefunan biyu lafiyayyu ne an haɗa su da ɗinki mai kama da sarƙa, wagga za ta ba ki zare dogo. In an yanka ne aka bi bakin da keken surfila mai daje bakin yadi, bar ta, guntu-guntu za ki samu, kowane layi da nasa. Zaren da aka warware yana fitowa a lanƙwashe, ki naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki jiƙa, ki shanya a inuwa, zai miƙe.

Ya ake ɗora idanun farko a tsinke?

Hanyar da na fi koyarwa ita ce mai dogon wutsiya. Ki ja zare kamar ninki uku na faɗin abin da za ki saƙa ki ƙara ɗan kaɗan, ki yi ƙullin zarge a nan ki sa a tsinke, wanga shi ne ido na ɗaya. Wutsiyar ta hau babban yatsan hagu, zaren dunƙule ya hau manuni, sauran yatsu su damƙe duka biyun a tafi. Sai tsinke ya shiga zagayen babban yatsa daga ƙasa, ya ɗauko zaren manuni, ya dawo ta cikin zagayen, ki saki babban yatsa ki ja a hankali. A rubuce abin kamar wuya, a hannu minti goma ne in akwai mai nuna miki.

Kusan kowa yana matse layin farkon nan fiye da kima. In haka ne ki haɗa tsinken biyu ki ɗora idanun a kansu tare, in kin gama ki zare guda.

An ce ido iri biyu ne kawai a duk saƙar, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma in kin riƙe wannan tsoro ya ƙare. Akwai idon gaba, wanda ake ce ma androwa, da idon baya, amber. A idon gaba zare yana bayan aiki, ki soka tsinken dama cikin ido daga gaba ya fita baya, ki zagaya masa zare, ki jawo sabon ido ta cikin tsohon, ki sauke tsohon daga tsinken hagu. A idon baya zare yana gabanki, tsinke ya shiga daga dama zuwa hagu ta gaba, ki zagaya, ki tura sabon idon baya, ki sauke. Na gaba yana kama da ɗan V, na baya kamar ɗan ƙurji, kuma abu ɗaya ne ake kallo ta fuska biyu, in kin juya saƙar kowane V ƙurji ne a bayansa.

Duk adon da kike gani jeranta waɗannan biyun ne. Kowane layi idon gaba, shi ne pwan mus, mai kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Layi ɗaya gaba layi ɗaya baya, shi ne jarse, sumul ɗin da ke jikin yawancin riguna. Gaba biyu baya biyu a layi guda kina maimaitawa, shi ne kot, mai miƙewar nan na bakin hula da bakin hannu. Gaba ɗaya baya ɗaya kina saɓawa a layi na gaba, ya ba ki ƙwayar shinkafa. Ko igiyar nan da ake murɗawa a gaban riga idanun nan ne dai, wuri kawai suke musanyawa.

Da wane hannu ake riƙe zare? Ni bahaguwa ce

Akwai masu riƙewa da dama suna jefa zaren bisa tsinke, akwai masu riƙewa da hagu suna tsinto shi da bakin tsinke, saƙar da ke fitowa iri ɗaya ce. Wadda ta riga ta iya kwarashi ta hagu za ta fi mata sauƙi don hannunta ya saba. Bahaguwa ma ita nike fara nuna mata, aikin na hannu biyu ne ai, ba kamar rubutu ba. Ba na son a koya wa bahaguwa saƙa a juye sai in dole, don daga baya duk bayanin da za ta karanta sai ta juya shi a kai.

Ƙanwata za ta haihu ƙarshen wata, zan iya saƙa rigar suna?

A'a ƴar'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Wagga tambaya ita ce ta fi zuwa mini kuma ita ce ta fi sa mutane su yar da tsinke har abada, a fara da riga, a kai hannu a rikice, suna ya zo ya wuce, a cusa aikin ƙarƙashin katifa. Ki fara da ɗan murabba'i, ido 20, pwan mus, ki yi ta yi har gefunan su daina karkacewa. Na biyu ki yi jarse. Na uku kot. Guntayen nan ba asara ba ne, in sun taru a ɗinke su su zama bargon yaro. Daga nan mayafin wuya na yaro ko ɗan maɗaurin kai, sannan hula, lissafinta yana ƙasa. In kina zama rabin awa kullum, hula kafin ƙarshen wata mai yiwuwa ce, kuma hula kyauta ce mai kyau ranar suna.

Wadda ke son kayanta su kama sanyin Disamba da Janairu, tun damina ya kamata ta fara koyo, ba ranar da haɓo da mura suka fara ba.

Saƙata ta yi tauri, da ƙyar tsinke ke shiga ido

Abu biyu ne. Ko kina jan zare bayan kowane ido kamar mai ɗaure buhu, ko kuma kina yin idon a kan tsinin tsinke inda ya sirance. Ki tura kowane sabon ido ya hau jikin tsinken inda kaurinsa yake cikakke, shi ne ma'auninsa, kuma kar ki ƙara ja bayan nan. Sauke kafaɗu, ki dinga aje aikin kina miƙe yatsu. In wuyan hannu ya fara zogi ko yatsu suna mutuwa ki huta kwana biyu, in ya ƙi daina ki je likita. In kin yi duk wannan kuma hannunki dai mai matsewa ne, akwai irinsu, ki hau tsinke da rabin lamba ko lamba guda, tambayar gwaji ta yi bayanin yadda za ki gane.

Na fara da ido 20 yanzu sun zama 26, ga ramuka, daga ina suke fitowa?

Kowa ya yi wannan, har ni. Wuri na farko da za ki duba shi ne farkon layi, in kin ja zaren ya hau saman tsinke ya koma baya, idon farko sai ya buɗe ƙafa biyu ya yi kama da ido biyu, ke kuma ki saƙa duka. Zaren ya rataya ƙasa kafin ki fara. Na biyu, wajen sauyawa daga idon gaba zuwa na baya, zare ta tsakanin tsinken biyu yake wucewa, in ya bi ta sama ya haifi sabon ido da rami a ƙarƙashinsa. Na uku, bakin tsinke ya tsaga zaren gida biyu.

Na huɗu kuwa shi ne namu na matan gida, kina tsakiyar layi a yi sallama ko tukunya ta yi kira, ki aje, ki dawo ki ɗauka a juye ki koma inda kika fito. Dokar ita ce tsinken da zaren dunƙule ke fitowa daga jikinsa shi ne na hannun dama. Kuma ki ƙirga idanunki duk ƙarshen layi a satin farko, ko ana hira.

Ido ya suɓuce yana ta gangarawa ƙasa, sai na warware duka?

Tsaya, kar ki ja komi. Ki soka masa fil ko ashana ya daina gudu. Za ki ga zaruruwa a kwance samansa kamar matakan tsani, ki sa kwarashi cikin idon daga gaba, ki ɗauko matakin da ya fi kusa ki jawo ta cikinsa, haka har sama, ki mai da shi bisa tsinken hagu. A jarse kenan kina kallon fuskar V. A pwan mus sai kina juya aikin kowane mataki, shi ya fi ɗan cin rai.

In kuskuren ya yi nisa kuma yana da yawa, zare tsinke ki warware har ƙasansa, ki kwashe idanun da tsinke siriri sannan ki koma naki. Ba abin kunya ba ne, Bahaushe ma da ya ce saƙa da warwara tare ya ambace su.

Gefen saƙata yana nannaɗewa kamar tabarma

In jarse ne ba laifinki ba ne, halinsa kenan ko a hannun gwana, gefuna su naɗe baya, sama da ƙasa su naɗo gaba. Guga ba ta maganinsa. Maganin tun farko ne, ki yi masa iyaka da saƙar da ba ta naɗewa, layi 5 ko 6 na pwan mus a ƙasa da sama, ido 4 ko 5 a kowane gefe. In riga ce da za a ɗinke gefunan, bar shi, ɗinkin zai kwantar da shi.

Dole ne sai na yi ɗan gwajin nan? Ɓata zare ne fa

Ga mayafin wuya ba dole ba ne. Ga duk abin da za a sa a kai ko a jiki dole ne, kuma da jikina na koya. Rigar farko da na saƙa wa ɗan yayata ban yi gwaji ba, na bi lissafin da wata ta ba ni ido da ido, ita hannunta matsattse ni nawa sakakke, riga ta fito har gwiwa, sai da yaron ya yi shekara biyu ya sa ta, har yau in an taru ana tuna mini.

Ga yadda ake yi. Da zaren da tsinken da za ki yi aikin, ki saƙa murabba'i kamar santimeta 13, da irin saƙar da za ki yi. Ki shimfiɗa shi kar ki ja, ki aza santimeta a tsakiya ki ƙirga ido nawa ke cikin santimeta 10. A ce kin samu 18 kuma faɗin 20 kike so, ido 36 kenan. In bayanin da kike bi ya ce 22 ke kuma kin samu 24, hannunki ya matse, hau tsinke. In 20 kika samu, sauka. Ido biyu kamar ba komi ba, amma a rigar babba mai zagayen santimeta 100 ya kai kusan santimeta 10 na banza. Zaren gwajin kuma bai ɓaci ba, warware shi ki yi aiki da shi.

Ba ni lissafin hular jariri da tsinke biyu

Kan sabon haihuwa yawanci santimeta 33 zuwa 35 ne, hula kuma ana rage mata kaɗan don ta kama. Da zaren da ke ba da ido 22 a santimeta 10, galibi tsinke lamba 4, ki ɗora ido 72. Ki yi kot na gaba biyu baya biyu santimeta 3, sannan jarse har tsawon duka ya kai santimeta 9. Sai ragewa, a layin gaba ki saƙa 6 ki haɗe biyu wuri guda, ki maimaita har ƙarshe, saura 63. Layin baya ki wuce haka nan. Na gaba saƙa 5 haɗe biyu, saura 54, haka za ki yi ta sauka 45, 36, 27, 18 har 9. Yanke zare ki bar dogo, ki bi da allura ta cikin taran nan ki tsuke, da sauran zaren ki ɗinke bayan hular. In gwajinki bai ba da 22 ba, koma tambayar da ke sama ki gyara lissafin.

Kayan jariri ban da igiya mai tsawo a wuya, ban da duwatsun ado ko tuntun da zai iya cirewa ya kai baki, maɓalli a ɗinke shi da ƙarfi. Kuma ku ji tsoron Allah da naɗe jariri cikin ulu a watan zafi don kawai kayan sabo ne, in bayan wuyansa ya yi gumi a rage masa.

Zare ya ƙare a tsakiya, kuma ya ake rufewa in an gama?

Sabon dunƙule a farkon layi ake shigar da shi, ki bar wutsiya kamar santimeta 15 daga tsohon da sabon, ki ci gaba kawai, daga baya ki ɓoye su da allura ta bayan saƙar. Ƙulli a tsakiyar layi sai ya leƙo gaba ko ya kwance a wanki. In kina shakkar ko ragowar zai kai layi guda, auna shi da faɗin aikin, in ya kai ninki huɗu zai kai.

Rufewa kuma, saƙa ido biyu, ki ɗaga na farko da tsinken hagu ki tsallakar da shi bisa na biyu ya faɗi, saƙa wani ki sake tsallakarwa, har ya rage ɗaya, yanke zare ki zura ta cikinsa. Da sakakken hannu, musamman wuyan riga, na sha ganin riga mai kyau da kan yaro ya ƙi shiga.

Ina ganin bayani a intanet duk harrufa ne, ban gane komi ba

Taƙaitawa ce. A na Faransanci m ido ne, end idon gaba, env idon baya, rg layi, ens a haɗe, aug ƙari, dim ragi. A na Ingilishi k idon gaba, p idon baya, st ido, k2tog haɗe biyu. Abin da ke tsakanin taurari biyu maimaitawa ake. Ki kwafe a littafin rubutu da Hausa layi-layi, kina yi kina soke wanda kika gama. Bidiyon YouTube kuma akwai wajen rage gudu zuwa 0.5, ki zaɓi wanda aka ɗauka ta bayan kafaɗar mai yin don hannunta ya zo daidai da naki, ki sauke shi lokacin da forfe, wato kuɗin intanet, ke da sauƙi ki kalla sau goma. Amma in akwai tanti a unguwa ko fwaye kusa, zama ɗaya gefenta ya fi, don ita tana ganin abin da hannunki ke yi.

Wanki da ajiya fa, da ƙurar nan tamu?

Ruwa mai sanyi ko ɗumi kaɗan, sabulu mai laushi, a matsa a hankali ba cuɗawa ba murɗawa, ban da jabel, ruwan nan mai cire kala. A naɗe cikin tawul ya tsotse ruwan, a shimfiɗa a inuwa. In kin rataya a igiya nauyin ruwa zai ja ta ta zama ta wani. Ulun gaskiya in ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa sai ya cure ya ƙanƙance kuma ba ya dawowa. Akirilik kuma ƙarfen guga ne ajalinsa, zai lanƙwame ya yi ƙyalli.

Lokacin hunturu ki sa dunƙulen cikin roba mai murfi ki huda murfin zare ya fito ta nan, ba ƙura ba birgima a ƙasa. Kaushin hannu yana kama zare, man kaɗe da dare kafin barci, ba lokacin da za ki ɗauki aikin ba. Wajen ajiya a wanke a bushe sarai sannan a rufe. Ƙwayar kafur ɗin nan fara da ake sawa a akwati kar ta kusanci kayan jariri, tana iya fasa jinin wasu jariran ta jawo shawara mai tsanani. Busasshen ganyen dogon yaro nike sawa.

Namiji zai iya koya ko za a yi masa dariya?

Malam, masaƙan da suka yi mana sakala da saƙi ai maza ne. A Turai ma ƴan ƙarnoni baya saƙar tsinke sana'ar maza ce mai ƙungiya da shekarun koyo, kafin William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila a 1589. A tsibirin Taquile na ƙasar Peru har yau maza ne ke saƙa huluna. Kuma mafi tsufan saƙar tsinke da aka samu safar auduga ce daga Masar, ta tsakanin ƙarni na 11 da na 13, shuɗi da fari, wasu da rubutun Larabci a jiki, to ba ma abin Nasara ba ne tun asali. Dariya za a yi kam a fada kwana biyu, daga baya su ce ka saƙa wa yaransu hula.

Yaushe zan fara sayarwa, kuma nawa zan sa?

Sai kin saƙa abu iri ɗaya sau uku ya fito girma ɗaya. Kuɗin kuwa ki rubuta na zare, da na kabu-kabun zuwa kasuwa, da awowin da kika zauna, don nan ne mata ke cutar kansu, a ce zare ya ci jikka guda a saida jikka da rabi bayan kwana huɗu ana aiki. Ba za ki iya gasar araha da bosho ba, kar ma ki gwada. Abin da bosho bai da shi shi ne kalar da uwar ta zaɓa, girman da ya dace da ɗanta, hula da safa da riga saiti guda, har da harafin sunan yaro in kin ƙware. Ki yi aiki bisa oda, ki karɓi abans da zai saye zaren kafin ki ɗora ido ko ɗaya, ko da ƴar ɗakinku ce, kuma ranar da za ki ce a zo a karɓa ki ƙara mata sati guda bisa lissafinki.